Ranar da Na Bar Lasifika Ta Huce

Kusan kowane mako sai wani matashi ya leƙo shagona da ke bayan tasha, waya a hannu, ya ce in koya masa fassarar fim. Kafin in amsa ya riga ya gaya mini cewa abin ba wuya, ai magana ce kawai, shi kuwa a unguwarsu an san shi da baki. Ba na musu da su. Nakan ba su kujera, in kunna wani fim, in kashe sautin gaba ɗaya, in ce su kalla. Da wuya a sami wanda zai kai minti biyar bai tambaye ni ko lasifikar ta lalace ba. Saboda su nake wannan rubutu, domin abin da nake so in faɗa musu ya fi ƙarfin zama ɗaya. Ni kaina sai da na haura shekara goma a sana'ar kafin na gane shi, kuma wadda ta ganar da ni ba ta taɓa riƙe makirufo ba.

Faransanci na karanta a jami'a. Na dawo Kontagora da takardata, na yi ta kai ta ofis-ofis har gefenta ya fara cinyewa. A wannan zaman ne aka haɗa ni da Oga Tanko, mai gidan kallo a bakin hanyar da ta nufi kasuwa. Gidan kallon zana ce aka kewaye, da bencina, da akwatin talabijin a kan tebur mai tsawo, da janareta a can baya cikin rami don kada ƙararsa ta dami mutane. Oga Tanko yakan zauna a gefen akwatin da makirufo, ya rage muryar 'yan wasa, ya ɗora tasa da Hausa. Shi ne sarki, shi ne ɓarawo, shi ne uwar da ke kuka. Bai iya Indiyanci ba, bai iya Sinanci ba, amma ban taɓa ganin ya rasa abin cewa ba. Abin da ya sa ya neme ni shi ne an fara shigo masa da kaset ta iyakar Benin, masu rubutun Faransanci a ƙasan hoto.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai Faransancin?"

Na ce, "Ni ne, Oga."

"To, Mushe, zauna."

Haka masu Faransanci ke kiran malami, ya sani. Ya kuma san abin da mushe yake nufi a Hausa. Sunan ya bi ni har yau, kuma ban taɓa tabbatar da wanne daga cikin biyun yake nufi ba.

Aikin farko da ya damƙa mini makirufo, bayan la'asar ne, fim ɗin wasu 'yan fashin teku. Na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Rubutu ya fito, na tsaya in karanta shi daidai, in auna kalmar da ta dace. Ban fi numfashi uku ina shiru ba sai wani daga baya ya yi ihu, "Mai ya ƙare!" Wani ya ce, "A'a, mai maganar ne ya mutu!" Wuri ya kaure. Oga Tanko ya fizge makirufo, nan take shugaban 'yan fashin ya fara tambayar yaransa wa ya cinye masa tuwon jiya. Aka fashe da dariya, aka zauna. Da aka tashi ya kira ni gefe ya ba ni dokoki biyu, kuma a kansu na rayu.

Ta farko ita ce kallo uku. Kafin ka buɗe baki a kan fim, ka kalle shi sau uku. Na farko da ido kaɗai, sauti a kashe, ka ga wa ke tsoron wa, wa ke ƙarya, wa ke jin yunwa. Na biyu da kunne, ka ji inda murya ta hau da inda ta karye. Na uku da baki, kana gwada maganarka a kan leɓɓansu. Ta biyu kuwa gajeriya ce: "Kada ka bar lasifika ta huce." Yana da hujja. A gidan kallo na wancan zamani, shiru alama ce ta cewa inji ya tsaya, kuma mutumin da ya baro gonarsa ya zo kallo ba zai zauna yana kallon baki yana motsi ba murya ba. Saboda haka duk inda 'yan wasa suka yi shiru, mu muke cikewa. In mutum yana tafiya shi kaɗai, mu ba shi zancen zuci. In an mari wani, dole a yi wa marin kirari.

Da zamani ya juya aka bar kaset aka koma faifai, ana ɗaukar murya a ɗaki ba masu kallo, Oga Tanko ya ce shi ba zai yi magana da bango ba, ya koma gonarsa a Nasko. Ni na buɗe wannan shago. Masu ganin aikin wasa ne su zo su ga kayansa. Ɗaki ne ƙarami da na liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa don murya kada ta yi amsa-kuwwa. Makirufo na sa masa safar yara a kai, saboda harafin "f" da "b" suna busa iska. Akwai kwamfuta, da littafin da nake rubuta kowace magana da lokacin da za ta shiga, da kofin ruwan ɗumi da citta. Mai injin niƙa ne maƙwabcina, don haka ɗaukar murya daga hantsi ne zuwa lokacin da mata za su fara kawo masa dawa. Babur ɗaya ya wuce da ƙara, sai a sake. Ni kaɗai nake yin murya goma sha, kuma dole tsoho na minti na biyar ya zama shi ne tsoho na minti na tamanin.

Masu saye su suka koya mini Hausa, ba jami'a ba. Direbobi suna son faɗa. Makiyayan da ke zuwa daga Bobi sukan tambaya ko akwai dawaki ko shanu a ciki, kuma in ka kira saniya da sunan da ba nata ba, za su dawo su gaya maka. Mutanen Salka da ƙauyukan Magama kuwa, da yawansu Hausa yare na biyu ce gare su, bayan Kambarci ko Dukanci. In ka cika musu salon 'yan birni, ka rufe musu ƙofa. Na koyi in zaɓi kalmar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, wadda kuma ɗan makaranta ba zai raina ba. Wannan kaɗai ya ci mini shekaru.

A cikin waɗannan shekaru ne na yi wani sakaci da ban lura da shi ba. Tunda ina karanta rubutun ƙasan hoto, sai na ga kallon farko ɓata lokaci ne. Me zan nema a fuska, alhali ga maganar a rubuce? Na bar shi. Oga Tanko yana kallon ido ne don bai iya karatu ba, haka na gaya wa kaina. Ban faɗa wa kowa ba, amma haka na ɗauka.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da waya ta kashe faifai. Masu turi suka cika bakin kasuwa, a zuba wa mutum fim ashirin a ɗan abin da bai kai farce ba. Dillalan da ke karɓar aikina suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Alhaji Sabo, wanda ke buga faifai yana kai wa kasuwannin ƙauye inda wayar ba ta gama isa ba. In ya daina karɓa, shagon ya rufe, wannan kowa ya sani, har mai injin niƙa. Alhaji mutum ne mai sauƙin kai, amma ya faɗa mini a fili: "Mushe, yanzu abin dariya kaɗai ke tafiya. Mutane na cikin wani hali. Ka ba su dariya." Ya ba ni wani faifai daga cikin kayan da aka kawo masa, ya ce in ga abin da zan iya yi da shi.

Fim ne na wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, da wani yare da ban taɓa ji ba, sai rubutun Faransanci a ƙasa. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara tara, da take kai wa mahaifinta abinci kullum da rana a wurin yankan katako, can ƙetaren wata gada. A wurinta duniya ba ta da mutum kamar ubanta. Takan gaya wa ƙawayenta cewa shi ne mai wurin, kuma ta yarda da hakan. Fiye da rabin fim ɗin wasa ne kawai: satar 'ya'yan itace, tsere a kan gada, faɗa da sulhu. Sai wata rana ta iso da wuri. Ta leƙa ta tsakanin katakai, ta ga ainihin mai wurin ya kwaɗa wa ubanta mari a gaban ma'aikata. Hularsa ta faɗi a laka. Uban ya sunkuya ya ɗauka, ya yi 'yar dariya, ya rusuna. Daga nan hoto ya tsaya a kan yarinyar kusan minti biyu, ba magana, ba kiɗa. Sannan ta koma bakin gada, ta sake tahowa tana waƙa da ƙarfi. Uban ya ce, "Kin daɗe da zuwa?" Ta ce, "Yanzu na iso." A gida kakarta tana taje mata kai, ta tsaya ta dube ta, ta faɗi wata 'yar magana, wadda rubutun ya ce ma'anarta ita ce yarinyar ta zama babba.

Na karanta, na ce wannan fim ba shi da gishiri, sai na zuba masa. Marin na yi masa kirari, na ce an ji shi har garin Tegina. Minti biyun nan na cika su taf. Na mayar da yarinyar makwaɗaiciya, tana cewa a ranta, "Kai, yau Baba ya sha! Bari in tsaya nan in rage naman nan, ai mai kumburarren kumatu ba ya tauna." Kakar kuwa na sa ta ce, "Kin girma, gobe ke za ki yi daka." Alhaji Sabo ya saurara, ya yi dariya har ya cire hula ya share ido. Ya ce ranar Litinin zai aika a buga.

Al'adata ce in gwada sabon aiki ranar kasuwa. Nakan fito da akwatin bakin ƙofa in kunna, in koma gefe ina sauraron inda aka yi dariya da inda aka yi hamma. Ranar mutane sun taru sosai, kuma dariya ta zo a duk inda na dasa ta. A cikin masu kallon akwai Mama Ladi, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, mutuniyar Salka. Duk ranar kasuwa in ta sayar da kayanta takan zauna a inuwar shagona ta jira mota. Gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Hausarta irin ta iyayenmu na ƙauyukan nan ce, ba ruwanta da raba "ya" da "ta", kowa "ya" ne a bakinta. Da aka wuce wurin marin da na kakar, ana cikin dariya, sai ta miƙe ta zo inda nake.

"Ɗana, wa ya yi maganan yarinyan nan?"

Na ce, "Ni ne, Mama," ina jiran yabo.

"Bai faɗi haka ba."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi makaranta. "Mama, kin ji yarensu ne?"

"A'a. Kai ka ji?"

Waɗanda ke kusa suka yi dariya, wannan karon ba ni na dasa ta ba. Na ce ni rubutun ƙasa nake karantawa, na Faransanci.

"To. Wurin da ya tsaya bayan katako, akwai rubutu?"

"Babu."

"To wa ya gaya maka?"

Wani direba ya ce, "Mama, ki bar Mushe ya ci abinci mana." Ba ta ko dube shi ba. Ta ce mini, "Mayar da shi baya. Ka kashe bakinka."

Na mayar, na kashe sauti. Ta matso har ta kusa taɓa gilashin da yatsa.

"Dubi hannu."

Na duba. Yarinyar ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe kwanon da shi, ta rungume shi a ƙirji don kada abincin ya huce.

"Mai satan nama yana rufe kwano? Dubi ƙafa."

Na duba. Kafin ta juya, yarinyar ta sunkuya a hankali ta cire takalmanta, ta riƙe su a hannu, ta taka a kan tsakuwa da sanyin nan ba takalmi, har ta kai gada. A can ta mayar da su.

"Don kada uban ya ji tafiyansa," in ji Mama Ladi. "Kada ya san an gani."

Na yi kwana huɗu a kan fim ɗin nan, ina tsayar da shi ina mayarwa, amma ban taɓa ganin takalman ba. Idona yana ƙasa, yana jiran rubutu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na shekara da shekaru ina tambayar Bafaranshe.

Mutane suka fara watsewa, tunda ba murya. Ta koma kan bencinta, ni kuma na bi ta na tsuguna, abin da ban taɓa yi ba. Ba tare da na tambaya ba ta ce, tana yarinya, ta taɓa kai wa babanta kunu a kasuwa ranar karɓar haraji. Ta tarar an sa shi ya durƙusa a rana, wani da bai kai shi shekaru ba yana zaginsa, shi kuwa yana cewa "ranka ya daɗe". Ta ɓuya a bayan buhunan gero har aka sallame shi, ya karkaɗe gwiwa. Sannan ta fito kamar yanzu ta zo.

"Ya sha kunun, ya ce ya yi daɗi. Har ya mutu bai san na gani ba." Ta gyara ɗaurin kwandonta. "Tsohuwan nan mai taje kai, me ya ce?"

Na ce, "Cewa ta yi, kin girma."

"Girma? Daga safe zuwa yamma? Tsawonsa bai ƙaru ba." Ta girgiza kai. "Wayo ya yi. Ni ma ranan na yi wayo."

Ɗan kamasho ya fara kiran Salka, ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Na daɗe ina juya kalmar nan. Mukan ce abu ya faru tun kafin mu yi wayo, muna nufin tun ba mu san komai ba. Da kalmar nan ɗaya kuma muke kiran dabarar mai ɓoye abu. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa Hausa ta haɗa su a kwano ɗaya ba. Ashe ranar da yaro ya fara gane duniya, ranar ce yake fara ɓoye abin da ya gane. Yarinyar nan ta yi ƙaryarta ta farko, kuma don tausayi ta yi ta. Abin da fim ɗin ya ƙunsa ke nan gaba ɗaya, ni kuwa na sa ta satar nama a kai. Kakar ba yabo take yi ba, ba kuma faɗa ba. Ta ga abin da ya tafi ne, wanda ba zai dawo ba. Faransancin bai da kalmar, ya yi kewaye. Mu muna da ita, kuma mai daddawa ce ta miƙo mini.

Kwana biyu suka rage kafin Litinin. Na zauna na yi kallon farko, wanda na shekara goma ban yi ba, daga farko har ƙarshe. Sannan na sake aikin. Ban cire dariya duka ba, domin yaran fim ɗin suna da ban dariya nasu na kansu, wanda dā nake dannewa da nawa. Amma marin na bar shi ba kirari. Minti biyun nan kuma na ɗaga sautin asali, na ja kujera baya daga makirufo. Masu cewa aikin ba wuya su gwada wannan. Bakina yana motsi da kansa. Sau uku ina kai hannu in danna ɗauka, ina janyewa. Da na saurara sai na ji ashe wurin ba shiru ba ne: akwai ƙarar zarto daga nesa, akwai ruwa a ƙarƙashin gada, akwai numfashin yarinyar da take ƙoƙarin riƙewa. "Yanzu na iso" kuwa, kalma uku, na ɗauke ta ya fi sau talatin. In na sa rawar murya, uban zai gane. In ban sa komai ba, mai kallo ba zai gane ba. Sai da injin niƙa ya tashi ya tsaya sau biyu kafin na samu.

Ranar Litinin na kai wa Alhaji Sabo. Ya zauna yana kallo yana murmushi, yana jiran Tegina. Mari ya sauka, ba kirari. Shiru ya fara. Ya leƙa bayan akwatin ya taɓa waya.

"Ba ta lalace ba, Alhaji. Haka na bar shi."

Ya jira. Ya dubi agogo. Da kakar ta ce, "Kin yi wayo," ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Mushe, ni ma ina da 'ya'ya, na gane. Amma minti biyu! A minti biyu mutum ya cire faifai ya ce na sayar masa da lalatacce. Ina na farkon?"

"Yana nan."

"To ba ni shi."

"Ba zan iya ba, Alhaji."

"Ka san ni kaɗai na rage maka?"

"Na sani."

Ya mayar da hularsa. "Ba faɗa tsakaninmu. Amma ni kasuwa nake yi, ba wa'azi ba." Ya miƙo mini faifan, muka yi musabaha. Bai sake aiko mini da aiki ba, ban kuma riƙe shi a rai ba, domin gaskiyarsa ya faɗa.

Shagon ya rufe kusan shekara biyu. Na koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi, na yi noman masara a gonar wana. Ba zan ce wa matasa abin da na yi shi ne daidai ba tare da shakka ba. Ina da iyali, kuma ba su aka tambaya ba. Yarinyar fim ce, ba ta san da ni ba, waɗanda suka yi fim ɗin ma ba za su taɓa jin abin da na sa a bakinta ba. Akwai ranakun da na ce girman kai ne kawai ya canza riga: dā ina taƙama da karatu, yanzu ina taƙama da gaskiya. Abin da na sani shi ne, bayan na ga takalman nan, ba zan iya kunna muryata tana tauna nama a kansu ba. Da na kai wa Oga Tanko ziyara a Nasko na ba shi labari, na ce na karya dokarsa. Yana gyaran fartanya, bai ɗago ba.

"Wacce? Ai biyu na ba ka."

"Na bar lasifika ta huce."

"Wannan ba komai. Na ce kada ta huce, ban ce ka ƙona tuwon ba. Ta farkon ce ka karya, tun tuni. Na gani a aikinka, na ce bari Mushe ya gama karatu."

Mama Ladi kuwa, bayan ranar da ta nuna mini takalman nan, ba ta zo kasuwa ba mako biyu a jere, aka ce ƙafa ke damunta. Na ari babur, na ɗauki 'yar na'urar kallo mai batir, na tafi Salka. Na same ta a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da matan gidan suna ɓarar kalwa. Ta ce, "Mai magana ne! Me ya kawo ka?" Na ce na kawo mata aikinta ta duba. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, na ɗora na'urar a kan turmi. Suka kalla suna aikinsu, suna dariyar yaran, suna faɗa wa juna da Kambarci abin da ya wuce wani. Da aka zo wurin marin hannuwa suka tsaya. Shirun ya fara tsawo, sai wata matashiya ta ce, "Ya lalace ne?"

Mama Ladi ta ɗaga hannu ba ta waiwaya ba. "Shiru. Yana magana."

Ba wanda ya sake motsi har yarinyar ta kai gada. Da kakar ta faɗi maganarta, Mama Ladi ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar wadda aka ba saƙon da ta daɗe tana jira. Ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ta ɗan jima tana yi. Sannan ta sa aka ƙunso mini daddawa a ganye. Na ce ba sai ta yi ba. Ta ce in karɓa, ba a mayar da hannun uwa. Ta rako ni har bakin zaure tana ɗingishi, na tada babur, sai ta dafa kafaɗata.

"Ɗana," ta ce, "yanzu ka ji yarensu."

Daga baya na sake buɗe shago, na koyi aiki da masu turi kamar kowa, kuma har yau ina yi wa mari kirari in marin na kirari ne. Fim ɗin da nake kunna wa matasan nan ba sauti, shi ne wannan. In ya ƙare nakan tambaye su abin da suka gani. Yawancinsu sukan ce an mari wani, kuma suna da abin dariyar da za su sa a wurin, wasu ma ya fi nawa. Nakan yi musu godiya, in sa musu albarka. Wanda ya ce mini ta cire takalmi, shi nake ce wa ya dawo gobe da hantsi, kafin mai niƙa ya tashi.